Ranar da Muka Jawo Motar Ƙanena

Maigidana yana da wata mota da duk Sabon Birni babu mai irinta. Mota mai ɗaki ake ce mata. Wasu Turawa ne suka ƙetaro hamada da ita shekarun baya, suka sayar a Maraɗi, ta yi ta sauya hannu har ta faɗo gare shi. A cikinta akwai gado, da ɗan wurin ɗora tukunya, da akwatuna a jikin bango waɗanda ya cika da atamfa da shadda, don sana'arsa ke nan, bin kasuwanni da tufafi daga nan har cikin Nijar. Tsohuwa ce, ga nauyi, kuma giyarta irin mai canza kanta ce, wadda kanikawan garinmu ba su son taɓawa.

Can ƙasa, daidai gwiwar wanda ya zauna kusa da direba, akwai wani ɗan agogo wanda ba lokaci yake nunawa ba. Zafin man giya yake aunawa. Wanda ya ɗaura shi a wurin da alama yana da mai duba masa, don daga kujerar direba ba a ganinsa sai an sunkuya. Bakaniken da ke gyara motar a Maraɗi ya ɗiga jan fenti a kan gilashinsa, ya ce duk ran da allurar ta taɓa jan nan a tsaya, ko da a tsakiyar gulbi ne. Na sha shiga motar, zuwa biki, zuwa gaisuwa, ban taɓa yi wa agogon kallo na biyu ba, sai a shekarar da aka ɗauke ƙanena.

Shi ne autanmu. Ni na goye shi, don bayan haihuwarsa Inna ta yi doguwar jinya. Ya tashi dogo, mai yawan dariya, wanda ba ya shiga gida hannu sake, ko rake ne sai ya riƙo. Yana da ƙaramar mota fara da yake ɗaukar fasinja da ita tsakanin Isa da ƙauyuka. Shi da matarsa suna zaune tare da Inna a gidanmu na Isa, ni kuwa aure ya kai ni Sabon Birni, inda nake koyarwa a firamare.

Wata ranar kasuwa ya fita bai dawo ba. Da yamma labari ya iso cewa an tare wata hanyar ƙauye can bayan Tozai, an shige daji da mutane. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ke biyo bayan wannan: a zauna a jira waya. Dangin wasu daga cikin fasinjojinsa an kira su. Mu ba a kira mu ba. Inna ta ɗora wayarta a kan cinya, tana salla da ita a gefen darduma, tana cin abinci da ita a hannun hagu. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, wayar ba ta kawo muryar da muke jira ba.

Da bazara ta tsananta sai aka fara cewa an yi sulhu da mutanen daji, don a bar manoma su yi sharar gona. A cikin kwanakin ne wani mai babur ya zo ya gaya wa Inna cewa ya bi ta hanyar, ya ga motar tana nan a gefen hanya, ƙofarta a buɗe.

Ina gidan ranar, na zo duba ta tare da maigida. Inna ta dubi surukinta ta ce, "Alhaji, a ɗauko mini motar. Ba a barin abin mutum ga rana kamar ba shi da kowa."

Ya ce, "To, Inna." Bai ƙara komai ba, sai da muka fito soro ya gaya mini damuwarsa. Babu mai janwe da zai yarda ya shiga can. Motarsa ce kaɗai ke da ƙarfin ja, kuma tana da wani ƙarfe mai reshe biyu da ta zo da shi, wanda in an ɗaura shi a gaban ƙaramar mota sai ta bi ba sai da direba ba. Amma jan nauyi cikin rairayi a wannan zafi zai dafa man giya. Dole sai da mai zama kusa da shi yana duba agogon nan. Ya nemi mutum, kowa ya kawo uzuri. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da masu jiransa a gida.

Na ce, "Ni za ni duba maka."

Ya ce, "Malama, kin san inda za mu kuwa?"

"Na sani. Ni nig goye shi."

Ya dube ni ya kau da kai. Washegari ya sauke duk tufafin da ke cikin motar, ya cika jarkoki da ruwa, muka kama hanya da hantsi.

Tafiyar zuwa ba ta wahalar da motar ba, allurar tana kwance a ƙasa kamar mai barci. Idona ne ya sha wahala. Na san wannan hanya tun ina yarinya, na san inda ake tsayawa sayen fura, da inda mata ke shanya barkono a bakin hanya. Ranar babu kowa. Gidaje suna nan tsaye, an cire musu ƙyaure. Rumbuna wasu sun ƙone, wasu an fasa musu ciki. Ba kaza, ba akuya, ba hayaƙin girki. Gonakin da aka ce za a share ban ga mai sharar ba, sai can nesa na hango mutum ɗaya da gatari, shi ma da ya ji motarmu sai ya durƙusa bayan sabara.

Bayan Tozai muka bar babbar hanya. Sai da muka ɗan yi nisa na hango farar motar. Ta ɗan karkace daga hanya, hancinta cikin geza, ƙofar direba a buɗe kamar ya sauka ne ya kama ruwa ya dawo.

Na sauka na nufe ta. Kujerar direba tana nan yadda yake tura ta baya saboda tsawonsa. Carbinsa yana rataye a madubi, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a jikin madubin. A kujerar baya akwai buhun albasar wani fasinja, ta ruɓe ta bushe ta zama baƙa. Makulli yana jikin motar, a murɗe. Na yi ta dube-dube, a ƙasa, a jikin kujera, a jikin ƙofa, ina neman abin da nake roƙon Allah kada in gani. Ban ga jini ba.

Maigida ya buɗe tanki ya zura kara, ya fito a bushe. Ya ce abin da mamaki, murfin a kulle yake, ba wanda ya zuƙe man, kuma autanmu ba ya fita kasuwa sai da man da zai kai shi ya dawo da shi. Bai tsaya dogon tunani ba. Ya ba taya ɗaya iska da famfon hannu, ya matso da motarsa, ya ɗaura ƙarfen ya ɗaure da kusoshi, ya sa ƙaramar a furi. Makullin ya bar shi a jiki, ya ce in an zare sitiyari zai kulle, motar ba za ta bi kwana ba. Ni na rufe ƙofar direba. Rairayi ya cika mata gaɓa, sai da na sa kafaɗa.

Da muka shiga ya ce, "Kak ki dubi daji, kak ki dubi baya. Allura kawai. In ta motsa ki hwaɗa mini."

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, fuskata daidai agogon, na dafa jikin motar. Muka tashi. Nan da nan na ji bambanci. Motar da ta zo tana tafe sumul yanzu nishi take yi, kamar jakin da aka ƙara wa kaya. Ƙarfen yana ƙara a bayanmu, yana saki yana kamawa. Ƙasan da na zauna a kai ya fara ɗumi.

Allurar ta ɗaga kai. Na ce, "Ta tashi."

"Kamar yaya?"

"Kaɗan."

Na yi niyyar bin maganarsa, amma daga inda nake zaune in na juya kai ina ganin cikin ɗakin har ƙarshe, da gadon, da tagar baya. A cikin tagar nan gilashin motar ƙanena ne ya cika ta. Muka zo wata kwana na waiwaya. Na ga sitiyarin yana juyawa shi kaɗai, a hankali, ya bi kwanar, ya dawo ya miƙe, carbin yana lilo a samansa. Babu kowa a kujerar.

Na san dalili. Maigida ya riga ya gaya mini tayoyin gaba ne ke bin ƙarfen, su kuma su juya sitiyarin. Sanin bai hana tsikar jikina tashi ba. Haka ƙanena yake tuƙi, ba ya fizga, a hankali yake shan kwana yana hira da na bayansa. Na mayar da ido ga agogon, na rantse ba za ni sake waiwayawa ba, kwana ta gaba na sake.

Sai muka shiga rairayi mai zurfi. Injin ya ɗaga murya, tafiya ta ragu, allurar ta fara hawa ina gani da idona.

"Ta kai rabi."

"To."

"Ta wuce rabi, Alhaji."

"Bari mu kai ga itacen can."

"Saura ƙiris ta taɓa ja."

Ya lallaɓa har ƙarƙashin wani gawo a bakin wani ƙaramin ƙauye da aka watse, ya tsaya, ya sa ta a furi, ya ja birkin hannu. Bai kashe injin ba. Ƙararsa ta cika wurin, tana dukan bangayen gidajen tana dawowa.

Na ce, "Don Allah kashe ta. Har cikin daji ana jin mu."

Ya ce ba ya yiwuwa. In ya kashe, man zai tsaya wuri ɗaya da zafinsa, fanka ma ta tsaya. Sai injin yana juyawa a hankali man ke zagayawa ya huce. Ya sauka ya ɗaga murfin injin don iska ta shiga, ya tsaya yana dube-dube. Ni kuwa na zauna ina kallon allurar, ta kafe a gefen jan fentin, ta ƙi sauka.

Ina nan na ji ya ce, "Salamu alaikum, Kaka." Na leƙa. Wata tsohuwa ce ta fito daga tsakanin gidajen, ƙanƙanuwa, da sanda, zanenta ya koɗe. Ba mu take kallo ba, farar motar take kallo. Ta zagaya ta leƙa kujerar direba, sannan ta dawo ta dube ni.

Ta ce, "Ashe ba ita ta ba. Da nij ji kukan mota tsaye wuri guda, nic ce ita ta ta sake tashi."

Na sauko na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Kaka, kin san motar ga?"

Ta ce ta sani. Ranar da abin ya faru ta fita neman itace wajen hanyar, ta ji harbi ta kwanta cikin geza. Tana gani aka fito da mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya. Direban, wani dogo mai shuɗiyar riga, ya ce musu, "Ku bari in kashe mota." Ba su bar shi ba, suka tura ƙeyarsa. Aka tafi da su, aka bar motar tana kuka ita kaɗai. Ita tsohuwar ta rarrafa ta koma gida, tana jin kukan motar daga can. Aka yi azahar tana kuka, aka yi la'asar tana kuka. Ba wanda ya iya zuwa kusa. Sai wajen faɗuwar rana ta yi tari, ta yi tari, ta yi shiru.

Maigida ya sunkuyar da kai. Yanzu mun san inda man ya tafi.

Na ce, "Ƙanena na, Kaka. Sun buge shi? Ya ji ciwo?"

Ta ce, "Ɗiyata, abin da nig gani shi za ni hwaɗa miki. Da ƙahwatai yat tahi. Har sunka shige ban ga ya hwaɗi ba."

Da ƙafarsa ya tafi. Wannan ne labari na farko da na samu tun ranar da ya fita, kuma shi ne na ƙarshe, ko da yake lokacin ban sani ba. Na yi ta maimaita shi a zuci kamar mai hadda.

Muka ce ta zo mu tafi da ita Isa. Ta ce mijinta yana ciki, ya tsufa, ba ya gani, ba ya tashi, ya ce inda aka haife shi nan za a rufe shi. Maigida ya ce akwai gado a motar, zai ɗauko shi da hannunsa. Ta girgiza kai, ta ce an yi an yi da shi, mutanen garin ma sun yi kafin su tafi. Na ba ta burodi da sukarin da muka zo da su, maigida ya kai mata jarkar ruwa har bakin wani gida. Da na koma wurina allurar ta sauko ƙasa da rabi. Muka tashi. Tsohuwar tana tsaye a inuwar gawon, ba ta ɗaga hannu ba.

Rana ta take. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take. Yanzu allurar ba ta jiran rairayi, ko a ƙasa mai tauri hawa take yi. Maigida ya riƙa tafiya a hankali, ƙafarsa sama-sama a kan totur. Na zama ba ni da wata magana sai tata: ta hau, ta tsaya, ta ɗan sauka, ta hau. Gumi yana shiga mini ido, ba na son in ɗauke kai in share. A raina na fara jin kamar ba zafin giya take aunawa ba, kamar wani abu ne daga cikin dajin yake matsowa, ita kuma tana gaya mini nisansa.

Akwai wani busasshen rafi da dole a ƙetare kafin a hau babbar hanya. Muka gangara lafiya. A tsakiyarsa tayoyin ƙaramar motar suka nutse, muka ji ta ja mu baya kamar ba ta son fita. Maigida ya taka, injin ya yi ruri, muka fara hawa gangaren da ƙyar. Allurar ta yi tsalle.

"Ta kusa ja."

Na ɗaga kai na ga idonsa yana kan madubin gefe. Sannan ni ma na ji, ƙarƙashin rurin injin, ƙarar babura daga bayanmu.

Ya ƙara takawa. Na ce, "Ta hau ja, Alhaji."

"Ƙara dubawa."

"Ta hau, har ta gota."

Wani wari ya taso daga ƙarƙashina, kamar man gyaɗa da aka manta a kan wuta. Injin ya ɗaga murya sosai amma motar ba ta ƙara sauri ba, sai ma wani santsi da ta yi, kamar mai gudu a mafarki. Muna kaiwa saman gangaren ya ɗauke ƙafa. Ya ce, "In nib bari ta ƙone, nan za mu kwana. Kuma ko da lahiyarta ba mu tsere ma babur." Ya tsaya, ya sa ta a furi, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Ya ce in hau kujera in zauna sosai. Muka fara salati.

Suka hauro daga rafin, babura da yawa, kowane da mutum biyu ko uku, bindigogi a kan cinya, fuskoki a naɗe. Na farko suka wuce ba su ko rage gudu ba. Wani ya buga rufin farar motar da tafin hannu yana wucewa, kamar yadda ake buga gindin saniya. Ni kuwa idona yana bin jikinsu, rigunansu, hulunansu, takalmansu, ko za ni ga wani abu nasa. Ban ga komai ba.

Na ƙarshe ya tsaya daidai tagar maigida. Yaro ne matashi, idanunsa kawai ake gani, sun yi ja. Ya leƙa cikin ɗakin, ya ga gado da akwatuna a buɗe ba komai ciki.

Ya ce, "Baba, mi ya tsai da ku nan?"

"Giya ta yi zahi. Muna jira ta huce."

"Waccan hwa?"

"Ta ƙanen iyalina ta. Gida za mu kai ta."

Ya dubi farar motar, ya dube ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Mai ita muke nema. Dogo, direba. Tun sanyi anka tahi da shi, ba a kira mu ba."

Na ji maigida ya ɗauke numfashi. Yaron ya ɗan yi wasa da totur ɗin babur ɗinsa. Sannan ya ce, "Ba mu ba ne, Inna. Dajin ga ba mu kaɗai ag ciki ba." Ya nemi ruwa, maigida ya miƙa masa gora, ya ɗaga naɗin fuskarsa kaɗan ya sha, ya miƙa wa na bayansa. Ya ce, "Ku bar nan kahin la'asar." Suka bi 'yan'uwansu.

Ba mu iya barin nan ba. Allurar tana can bayan jan fentin. Na koma ƙasa na zauna ina kallonta. A rayuwata ban taɓa jira irin wannan ba. Na yi jiran naƙuda, na yi jiran sakamakon asibiti, amma a can akwai mutane, akwai mai cewa sannu. Nan daga ni sai wata 'yar allura da ba ta fi tsinken sakace ba, da injin da ke ta kuka a fili, a kan hanyar da wani injin ya taɓa yin kuka har ya mutu.

Maigida ya ce, a hankali, "Malama, in mun kwance ta munka bar ta nan, tamu ta hi saurin kai mu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ina da 'ya'ya a gida. Na waiwaya ta tagar baya. Ya bi idona da kallo. Sai ya sauka, ya ɗauko jarka, ya riƙa yayyafa ruwa a jikin lagireto, yana komawa ya duba kusoshin ƙarfen yana ƙara ɗaure su. Bai sake tayar da maganar ba.

Inuwar motar ta fara tsawo kafin allurar ta bar jan. Muka jira ta ƙara sauka, sannan muka tashi. A kan babbar hanya nauyin ya ragu, iska tana shiga, ta tsaya a rabi tana rawa. Sau ɗaya muka ƙara tsayawa, a bakin wani gari mai mutane, inda wasu dattawa da ke zaune a gindin bishiya suka ga farar motar suka miƙe tsaye, ba su tambaye mu komai ba.

Mun shiga Isa rana tana ja. Direbobin tasha suka gane ta. Suka bar motocinsu suka biyo mu a ƙafa, shiru, har ƙofar gida. Su suka kwance ƙarfen, suka tura ta cikin garejin da ƙanena yake ajiye ta. Matarsa ta leƙo ta gan ta, ta koma ɗaki da gudu.

Inna ba ta fito ba. Na same ta a kan tabarma, na zauna gabanta, ƙurar hanya a jikina, na gaya mata abin da tsohuwar ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Zancen babura ne kawai na ɓoye. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Da ƙahwatai yat tahi?"

Na ce, "Haka tac ce, Inna."

Ta ce, "To. Alhamdu lillahi."

Da safe maigida ya shiga ƙarƙashin motarsa ya tsiyaye man giyar a cikin tasa. Ya kira ni in gani. Man da ake zubawa ja, ya fito baƙi ƙirin, yana ƙauri. Ya sake sabo, amma tun daga ranar giyar ba ta koma daidai ba, sai ta yi jinkiri kafin ta kama, sai ta fizga. Ya ƙara 'yan shekaru yana lallaɓa ta zuwa kasuwannin kusa, daga baya ya jingine ta. Bai taɓa cewa tafiyar ce ta kashe masa mota ba, ko da wasa.

Sulhun bai kai girbi ba. Hanyar ta sake rufewa. Na roƙi masu babur da yawa su leƙa mini ƙauyen nan mai gawo, wanda ya iya zuwa daga baya ya ce bai sami kowa ba.

Ba a kira mu ba har yau. Da aka daɗe, malamai suka ba da shawara a yi wa ƙanena sallar gawa a yi sadaka, Inna ta ce a yi sadakar, sallar a dakata. Matarsa ta jira iyakar jira, sannan alƙali ya raba auren, wani manomi daga Unguwar Lalle ya nema aka ba shi. Ranar da za ta tashi ta zo ta durƙusa gaban Inna tana kuka. Inna ta ɗaga ta, ta gyara mata mayafi, ta ce, "Ke ba ki yi laihi ba, ɗiyata. Tahi, Allah shi ba ku zama lahiya." Ta raka ta har soro da kanta, ta tsaya tana kallo har motar 'yan ɗaukar amarya ta sha kwana. Da ta dawo ta ce mini in share ɗakin ƙanena, in shimfiɗa sabuwar tabarma, in bar tagar a buɗe kada ya yi warin rufi. Na ɗauko tsintsiya na shiga.